Sharuɗɗan Da Malami Zai Gindaya Wa Mai Koyon Kafa Hujja

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a unguwar Hotoro ta Kano akwai magidanta da samari waɗanda ke wuni a masana'antun Bompai da Sharada da Challawa, da dare kuma su zauna gaban malami suna koyon Larabci da insha'i. Wanda alƙalaminsa ya fi kaifi a cikinsu, shi abokan aiki ke nema ya rubuta musu takardar koke a kan albashi, ko ta kare kai idan an zargi wani. To, me ya wajaba malami ya shaida wa irin waɗannan ɗalibai tun ranar farko, kafin ya koya musu yadda ake shawo kan mai karatu?

Sharaɗi na farko, su sani iya magana ba ya halatta haram. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ummu Salama cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya gargaɗi masu kawo masa ƙara. Ya nuna musu wani kan fi abokin shari'arsa iya tsara hujja har a ba shi gaskiya, amma haƙƙin ɗan'uwansa da ya karɓa ta wannan hanya yankin wuta ne. Idan hukunci a gaban Annabi bai wanke mai ƙarya ba, ina ga sa hannun manaja?

Na biyu, ɗalibi ya kawo hujjar abokin jayayyarsa yadda take, kada ya datse ta don ta yi sauƙin rushewa. Muhammadu Bello ya yi musayar wasiƙu masu zafi da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno a kan halaccin jihadi, amma a littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812 ya kawo maganar al-Kanemi tare da amsar da aka ba shi, har yau ana karanta duka biyun.

Na uku, niyya. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa sharuɗɗa takwas na munazara a cikin Ihya'u Ulumiddini. Ɗaya daga ciki shi ne mutum ya zama kamar mai cigiyar abin da ya ɓata, wanda bai damu ba ko shi ya tsinta ko abokinsa.

Watakila wani ya ce, ashe ke nan muhawarar makaranta, inda ake ba yaro ɓangaren da bai yarda da shi ba, koyar da ƙarya ce? A'a, matuƙar kowa ya san gwaji ne, ba a ƙago shaida ba, kuma ba a taɓa aƙida ko abin da shari'a ta riga ta yanke ba. Barin fannin baki ɗaya kuwa shi ma hasara ne, domin Annabi Musa ya roƙi Allah Ya haɗa shi da Haruna saboda ya fi shi fasahar harshe, kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasas, aya ta 34. Ma'aikacin da ke da gaskiya amma bai iya faɗarta ba, sau da yawa haƙƙinsa kan salwanta.

Saboda haka malami ya faɗa musu ƙarara cewa takardar da aka ƙara wa awa ɗaya ta aikin da ba a yi ba ta faɗi, kome daɗin kalmominta. Wadda kuwa ta amsa laifin mai ita, sa'an nan ta nemi haƙƙinsa da ladabi, ita ce za ta ci maki.

Allah Ya tsare harsuna da alƙaluma daga cin haƙƙin bayinSa, amin.