Libarba Mai Tarihi: Dukiya Ce Ko Amana?

A watan Agusta na shekarar 2021, kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da wata tsohuwar libarba ƙirar Colt a kan kuɗi fiye da dala miliyan 6. Da ita ce Pat Garrett ya harbe gawurtaccen ɗan bindigar nan na Amurka, Billy the Kid, a 1881. Kafin nan, a 2016, an yi gwanjon wata a birnin Faris a kan yuro 434,500, wato wadda mawaƙin Faransa Paul Verlaine ya harbi abokinsa Arthur Rimbaud da ita a 1873. Takwarorin waɗannan bindigogi, waɗanda ba su taɓa wani sananne ba, ba sa kusantar wannan farashi. Ashe ke nan abin da mai saye ya biya wa kuɗi labari ne, labarin kuwa jinin wani ne. Tambayar ita ce: ya halatta ga mutum mai tunani ya mallaki irin wannan abu, har ya yi alfahari da shi?

Masu tara tsofaffin makamai ba sa wasa da salsala. Suna bin diddigin lambar da maƙera suka buga a jikin bindiga, da takardun ciniki, da sunan duk wanda ta bi ta hannunsa, kamar yadda malamai ke bin isnadi. Sai dai a wannan salsala akwai giɓi. Tana lissafa waɗanda suka riƙe bindiga, amma ba ta cika damuwa da waɗanda aka nuna wa bakinta ba, sai fa idan sunansu zai ƙara mata kuɗi.

Domin mu ga nauyin wannan giɓi, bari mu dawo gida, mu leƙa Fegge ta garin Anacha, inda Hausawa fatake suka daɗe suna zaune tare da Inyamurai. Zaman 'yan Arewa a Gabas ya taɓa yin armashin da har Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu a shekarun 1950. Rikicin 1966 ya wargaza wannan zama. An kashe Inyamurai masu ɗimbin yawa a Arewa, 'yan Arewa mazauna Gabas su ma suka rasa rayuka da dukiya, suka bar Anacha da Inugu da Fatakwal. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Anacha ta zama fagen fama. Babbar kasuwarta ta ƙone, garin kuma ya faɗa hannun sojojin tarayya a watan Maris na 1968. Bayan an ajiye makamai a Janairun 1970, sannu a hankali fatake suka koma, ciniki ya ci gaba.

To, mu ɗauka wani mazaunin wannan unguwa ya gaji libarbar wani hafsa na wancan yaƙi, da cikakkiyar shaidar asalinta. A wurinsa alama ce ta jarumtar kakansa. A wurin maƙwabcinsa kuwa, mai yiwuwa ita ce abu na ƙarshe da nasa kakan ya gani a duniya. Bindiga ɗaya, labari biyu, mai ita kuma guda kawai ya gada. Idan ya rataye ta a zaure yana nuna wa baƙi, ya zaɓi labarinsa ya binne na maƙwabcinsa. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa. Wanda ya harba yana iya kafa hujja da halin yaƙi da umarnin na gaba. Wace hujja mai ratayewa zai kafa, alhali yana cikin zaman lafiya?

Wani zai ce ƙarfe ba shi da laifi, kuma al'ummar da ta zubar da kayan tarihinta ta zubar da darasinsu. Zai ƙara da cewa takobin da ake dangantawa da Bayajida yana nan a fadar Daura, ba wanda ya ga aibinsa. Wannan magana tana da ƙarfi, domin waiwaye adon tafiya ne. Amma a lura, takobin Daura ba kayan ƙawar wani attajiri ba ne, na jama'a ne, sarauta ke riƙonsa a madadinsu. Haka motar da aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976: tana gidan tarihi na ƙasa a Legas da hudojin harsasai a jikinta, kowa na iya zuwa ya gani ya yi tunani. Makaman yaƙin basasa na ɓangarorin biyu su ma an tara su a gidan tarihin yaƙi na Umuahia. A irin waɗannan wurare makami yana zama shaida. A ɗakin mutum guda kuwa, ado yake zama, ko jari mai jiran farashi ya tashi.

Ko ta fuskar shari'a ma, Dokar Makamai ta 1959 ta sanya libarba cikin makaman da aka haramta mallaka a Nijeriya sai da izinin shugaban ƙasa. Amma ko da doka ta yarda, hakkin maƙwabtaka bai faɗi ba.

Saboda haka, a ganina, wanda irin wannan bindiga ta faɗo hannunsa ma'aji ne, ba mamallaki ba. Abin da ya kamace shi shi ne ya rubuta duk abin da ya sani game da ita, har da ɓangaren da ba ya ƙara wa gidansu daraja, sa'an nan ya miƙa ta inda jikokin mai harbi da jikokin wanda aka harba za su iya tsayawa gabanta tare. Ribar da za a ci daga mutuwar wani kuwa, barinta ya fi alheri.