Hannu ko Raket: Bugun Na Wane Ne?

Kaurin firam ɗin raket na tanis, wato faɗinsa idan aka kalle shi ta gefe, shi ne ke ƙayyade yadda zai lanƙwashe in ƙwallo ya dake shi. Siririn raket irin Wilson Pro Staff da Pete Sampras ya riƙe kaurinsa milimita 17 ne. A 1987 kamfanin Wilson ya fito da Profile, bisa ƙirar Bajamushe Siegfried Kuebler, mai kaurin da ya kusa milimita 40 a tsakiya, kuma daga nan kasuwar raket ta sauya.

Sirrin abin yana hannun kowane kafinta da ke rufin ɗakuna. In ya shimfiɗa katako mai inci biyu da huɗu a kwance ya taka, sai ya ji ya lotsa. In ya tsayar da shi a kan gefensa, taurinsa ya ninka sau huɗu, alhali katakon bai ƙaru da ko tsinke ba. Haka firam yake: a ninka kaurinsa sau biyu, tauri ya ninka kusan sau takwas.

Ƙwallo ba ya wuce kashi biyar cikin dubu na daƙiƙa a kan ragar raket. Firam mai laushi yakan lanƙwashe, kafin ya miƙe ƙwallo ya riga ya tafi, ƙarfin da ya sha kuwa ya salwanta. Mai kauri bai cika lanƙwasa ba, don haka kaɗan yake ci. Ke nan abin da 'yan kasuwa ke kira "raket mai ƙarfi" ba ya haifar da ƙarfi ko kaɗan. Asara kawai yake ragewa.

A nan tambayar ko bugun na hannu ne ko na raket ta shiga fagen malaman tauhidi. Makarantun zaure da ke karantar da aƙidar Ash'ariyya, musamman daga littafin Ummul Barahina na Imam Sanusi, sun daɗe suna koyar da cewa wuƙa ba ta yanka da ikon kanta, wuta ma ba ta ƙonawa da ikon kanta. Sababi ne, Allah ke halittar tasiri a tare da su bisa al'ada, bawa kuma yana da kasabi, wato zaɓi da ƙudurin da ake yi masa hisabi a kansu. Raket misali ne mai kyau na sababi: ba ya bayar da abin da ba a zuba masa ba, amma raina shi kuskure ne. Björn Borg, mai manyan kofuna 11, ya dawo fili a Monte Carlo a 1991 da raket ɗin katako, Jordi Arrese ya fitar da shi a wasan farko. Daɗewar da ya yi bai buga gasa ba ta taimaka wajen faɗuwarsa, amma zamanin katako ya riga ya wuce.

Zaɓen kayan aiki ma yana cikin kasabin mutum, kuma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Firam mai tauri yana tura girgizar bugu zuwa wuyan hannu da gwiwar hannu, ƙaramin kuskure kuma sai ya kai ƙwallo bayan layi. Duk da haka dattijo ko sabon shiga, mai gajeren lilo, yakan amfana da mai kauri, ƙwararren da hannunsa ke da isasshen ƙarfi kuwa yakan nemi siriri ko matsakaici, don ya ji ƙwallon a tafinsa ya ajiye shi inda ya nufa.