Ƙaddara da Giris: Laifin Wa Ne Idan Taya Ta Fice?

Da zarar sanyi ya fara kankama a arewacin Amurka da Kanada, wajejen watan Nuwamba, sai manyan titunan da suka nufi kudu su cika da wasu irin matafiya. Yawancinsu dattawa ne da suka yi ritaya. Kowa na tuƙa ƙatuwar akori-kura, yana jan gidansa a baya: tirela mai ɗakin kwana da falo da kicin da banɗaki. Wasu Fulorida suka nufa, wasu kudancin Teksas, wasu kuma ƙauyen Quartzsite da ke hamadar Arizona, inda ake yin dandazon irin waɗannan gidaje masu tayoyi duk watan Janairu.

Manya a cikinsu su ne waɗanda Amurkawa ke yi wa laƙabi da "taya ta biyar". Wuyan tirelar ake ɗorawa a kan wani farantin ƙarfe da aka kafe a bodin akori-kurar, daidai saman tayoyin baya, kamar yadda kan tirelar kaya ke ɗaukar bodinsa. Akasarinsu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su, kuma a 2021 kaɗai masana'antar ta fitar da motoci da tirelolin shaƙatawa kimanin 600,000, adadin da ba ta taɓa kaiwa ba. Babbar tirela irin wannan takan kai tan shida ko bakwai idan an yi mata lodi. Akori-kura na ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin. Ragowar duk yana kan aksil biyu ko uku, da sifirin, da wasu 'yan ƙarafa da ba su fi tafin hannu ba.

Mai saye yakan daɗe yana shafa kujerun falo, yana buɗe firji, yana gwada gado. Ba kasafai yake durƙusawa ya leƙa ƙarƙashi ba, alhali can ne ransa da na sauran masu bin hanya suke rataye.

Abin da ake nema daga gare shi ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin Dexter, wanda aka kafa a Elkhart a 1960 kuma yake ƙera aksil ɗin tireloli da yawa, ya tsara cewa a kwance boris ɗin taya a wanke shi a sake masa giris duk wata 12 ko mil 12,000, wato kusan kilomita 19,000. Birkin da ba ya daidaita kansa kuwa, a daidaita shi duk mil 3,000. Idan aka cire taya aka mayar, a tsaya a sake ɗaure notinta bayan mil 10, da 25, da 50, domin noti yakan saki a farkon tafiya. A duba ganyen sifirin ko ya tsage ko ya kwanta. A duba maratayan da ke riƙe da sifirin, don ramin kusarsu yakan cinye ya zama mai tsawo, kuma bushin roba da ake sa musu daga masana'anta ba ya daɗewa. Shi ya sa masu lura ke canja shi da na tagulla mai kusar da ake ɗura wa giris. Aksil kansa an yi shi da ɗan lanƙwasa zuwa sama a tsakiya, don ya miƙe daidai idan lodi ya hau. Wanda ya sa jak a tsakiyarsa, ko ya yi masa lodin da ya wuce ƙima, ya ɓata wannan lanƙwasar, kuma taya ce za ta fara tona asiri, don za ta riƙa cinyewa ta gefe guda. Aksil mai ɗaukar fam 7,000 bai san uzuri ba. A tashoshin manyan motoci akwai ma'auni, kuma da kuɗi kaɗan mutum zai san ko ya wuce iyaka.

Duk wannan aikin yini guda ne. Amma a nan wata tsohuwar tambaya take kwance.

A ɗauka maƙwabta biyu ne, kowa da tirelarsa, kuma dukansu sun shekara uku ba su taɓa boris ba. Suka tashi rana ɗaya. Na farko ya isa Arizona lafiya, ya shimfiɗa kujera yana shan hantsi. Na biyu boris ɗinsa ya bushe, ya yi zafi, ya narke, taya ta fice ta tsallaka ɗaya hannun titi ta faɗa kan motar wani mai iyali. Kotu za ta kama na biyu, jama'a su tsine masa. Na farko kuwa babu mai ce masa uffan, shi ma bai san ya yi wani abu ba. To me na biyu ya aikata da na farko bai aikata ba?

Masanin falsafa Thomas Nagel ya tattauna wannan a wata maƙala da ta shiga littafinsa na 1979, kuma misalinsa ya yi kusa da wannan: direban babbar mota da ya yi sakacin duba birki, sai yaro ya faɗo masa a hanya. Nagel ya nuna cewa mutane sun yarda ba a kama mutum da abin da ya fi ƙarfinsa, amma a aikace da sakamako suke yin hukunci, sakamakon kuwa ba a hannun kowa yake ba. Sakacin direban ɗaya ne ko yaro ya fito ko bai fito ba. Fitowar yaron ce ta mayar da shi mai kisa.

Bahaushe yana da amsa a bakinsa tun kafin a gama tambayar: tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ƙaddara ta riga fata. Magana ce ta gaskiya, kuma tana sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rasuwa. Matsalar ita ce wanda yake faɗinta, da kuma lokacin da yake faɗinta. A bakin mahaifin mamaci haƙuri ce da miƙa wuya. A bakin mai tirelar da ya ji ƙugin taya tun makon jiya ya ƙara sautin rediyo, mafaka ce.

Malaman Musulunci sun daɗe da raba waɗannan biyun. Ƙa'idarsu ita ce ana jingina musiba ga ƙaddara don a yi haƙuri, amma ba a jingina mata laifi don a kuɓuta. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi da ya haɗa biyun. Shi kansa Annabi ya sa sulke biyu ranar Uhudu, ya yarda aka haƙa gwalalo a gefen Madina, ya ɗauki ɗan jagora da ya san hanya a lokacin hijira. Halifa Umar ma da ya nufi Sham ya ji labarin annoba a Sarg, sai ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddara take, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kai su, amma zaɓin nasa ne. Imam Gazali, wanda ya yi fice wajen cewa wuta ba ta ƙona auduga da ikon kanta, bai taɓa fahimtar hakan a matsayin izinin barin sababi ba. A babin tawakkali na littafinsa Ihya ya ɗauki mai jiran ƙoshi ba tare da ya kai loma baki ba a matsayin wanda bai san sunnar Allah a halittarsa ba.

Fiƙihu ya sauko da maganar ƙasa. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda almajirai ke karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato da Damagaram, ta ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mahayinta da mai jan ta da mai kora ta, amma ta sauke shi idan abin ya faru ba da aikin kowa ba. Ko kisan kuskure, wanda babu niyya a cikinsa, Alƙur'ani ya sa masa diyya da kaffara a Suratun Nisa'i. A Attaura ma, wadda Yahudawa da Kiristocin Amurka ke karantawa, littafin Fitowa ya bambanta san da ya soki mutum ba zato da san da aka san yana suka, aka gargaɗi mai shi bai tsare shi ba. Na farko mai shi ya kuɓuta, na biyu jinin yana wuyansa. Abin da ya raba su shi ne sani, da abin da mutum ya yi da saninsa.

Wannan ya warware rabin kullin Nagel. Diyya da hukuncin kotu suna bin sakamako, domin akwai wanda aka cuta kuma dole a biya shi haƙƙinsa. Amma sakaci ya cika tun ranar da aka tashi ba a duba ba. Maƙwabcin da ya isa Arizona lafiya bai fi ɗan'uwansa tsarki ba. Asirinsa aka rufa.

Kuma rufin asirin nan shi ne ke yaudara. Kowace tafiya da aka yi lafiya ba tare da dubawa ba, sai ta zama hujjar tsallake dubawa ta gaba. Bertrand Russell ya buga misali a 1912 da kazar da ta saba ganin mai ita da hatsi kullum, har ranar da ya zo ya murɗe mata wuya. Masaniyar zamantakewa Diane Vaughan, da ta yi nazarin fashewar kumbon Challenger na 1986, ta gano cewa injiniyoyi sun sha ganin lahani a zoben roba na rokar, amma tun da kumbon yana dawowa lafiya sai lahanin ya zama abin da aka saba da shi. Ranar 31 ga Janairun 2000 jirgin Alaska Airlines mai lamba 261 ya faɗa teku a gaɓar Kalifoniya, mutum 88 suka mutu. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta gano cewa zaren notin wata kusa da ke sarrafa wutsiyar jirgin ne ya cinye saboda ƙarancin giris, bayan an yi ta tsawaita tazarar da ke tsakanin shafawa da shafawa. A ranar 3 ga Fabrairun 2023 kuma jirgin ƙasa ɗauke da sinadarai ya kauce daga layi a garin East Palestine na jihar Ohayo, sanadin boris guda. Na'urorin gefen layi sun auna zafinsa sau uku: digiri 38 a ma'aunin Faranhait sama da zafin gari, sai 103, sai 253. A na ukun ƙararrawa ta kaɗa, amma lokaci ya ƙure, tarago 38 suka kife.

Ƙarfe ba ya karyewa da rana tsaka ba sanarwa. Yakan yi zafi, ya yi ƙugi, ya zubar da giris a bayan taya, ya ci roba ta gefe. Shi ya sa tsofaffin matafiya ke zagaya tirela duk inda suka tsaya shan mai, suna kai hannu kusa da cibiyar kowace taya don su ji wadda ta fi 'yan'uwanta zafi.

Sai dai adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Akwai wanda ya yi duk abin da aka ce, amma walda ta saki daga masana'anta, ko wani rami ya karya masa sifirin cikin dare. Bernard Williams, abokin muhawarar Nagel, ya yi magana a kan direban da ya take yaro ba da laifinsa ba: zai ji wani ciwo da ɗan kallo ba zai ji ba, kuma da bai ji ba da an yi shakkar mutuntakarsa. Irin wannan mutum ne imani da ƙaddara yake yi wa magani na haƙiƙa, don yana hana shi cinye kansa da "da na sani" a kan abin da babu yadda za a yi ya sani. Ƙoƙarin ɗan'adam ma yana da iyakar da idan ya wuce sai ya koma ɓarna. Masu zaƙewa wajen ɗura giris da famfo sukan fasa robar da ke tare shi, giris ya malala cikin birki, birki ya daina kamawa. Abin da aka ɗora wa mutum shi ne gwargwadon da aka sani, a lokacin da aka tsara. Abin da ya wuce nan ba nasa ba ne, kuma barci cikin natsuwa bayan an gama dubawa shi ma wani yanki ne na tawakkali.

Dattijon Amurka da gidansa mai tayoyi ya yi nisa da direban da ke ɗauko shanu daga Maigatari ko Potiskum zuwa Legas, da mutane zaune a saman bodi. Amma aksil da sifirin da boris ɗaya ne, kuma nauyin da ya wuce ƙima haka yake yi musu a ko'ina. Akwai mai motar da ke ƙin fitar da kuɗin gyara, da bakaniken da ke mayar da tsohon boris ya karɓi kuɗin sabo, da jami'in da ke ganin lodi ya karkace ya ɗaga hannu a wuce. Idan abin ya faru, dukansu za su zo zaman makoki su ce haka Allah ya ƙaddara, kuma ba su yi ƙarya ba.

Abin da ya rage wa malamai masu wa'azi da shugabannin ƙungiyoyin direbobi shi ne su daina barin maganar ta tsaya nan. Bayan addu'a ga mamata, a tambayi mai motar yaushe rabon da a kwance tayar, nawa aka loda mata, kuma wa ya ji ƙugi ya yi shiru. Wanda amsarsa ta fita, a yi masa jaje tare da sauran waɗanda musiba ta shafa. Wanda amsarsa ba ta fita ba, a gaya masa a fili cewa akwai haƙƙin rai a kansa, kuma shari'a ta tanadi yadda ake biyansa.