Mai Riƙe Da Kulki, Wa Ke Yi Masa Hisabi?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu karatu, batunmu na wannan mako shi ne aikin ɗan sanda da haƙƙin da jama'ar gari ke da shi na sa masa ido. Wasu suna ganin tambayar mai kaki rashin ladabi ne ga hukuma. Musulunci bai ga haka ba, domin duk wanda aka damƙa wa iko a kan jinin mutane da dukiyarsu da mutuncinsu, amana aka ba shi, ita kuwa amana ba ta rabuwa da hisabi. Aya ta 58 ta Suratun Nisa'i ta haɗa mayar da amana da yin hukunci da adalci a wuri guda.

Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya yi wa Ibnul Lutbiyya hisabi bayan ya dawo daga karɓar zakka, ya kuma hana shi abin da ya kira kyauta. Sayyidina Umar yakan ƙididdige dukiyar gwamna ranar naɗa shi, kuma da mutanen Kufa suka kawo ƙarar Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ya aika aka bi masallatai ana tambayar talakawa halinsa, duk da girman matsayinsa cikin sahabbai. Daga baya malamai irin su Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, suka yi bayanin kotun mazalim, inda talaka ke ƙarar ma'aikacin hukuma a gaban wanda ya fi shi iko.

Mu ma nan Arewa mun ɗanɗana. Dattawanmu suna tune da 'yan dokan En'e, waɗanda 'yan gari ne, sun san kowa, kowa ya san su. Amma da yake hukumar da ta ɗauke su ita kaɗai ke iya tambayarsu, sai koke ya yawaita cewa ana juya su a kan 'yan adawa, musamman magoya bayan NEPU a shekarun 1950. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka rushe su, aka haɗe su da 'yan sandan Nijeriya a ƙarshen shekarun 1960. Da Shugaban Ƙasa da gwamnoni suka sake tayar da maganar 'yan sandan jihohi a 2024, tambayar da ta kamata mu riƙe ita ce: wa zai ɗauke su aiki, kuma gaban wa za a kai ƙararsu?

Doka ta buɗe mana ƙofofi. Tsarin Mulkin 1999 ya kafa Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, wadda ba ta ƙarƙashin rundunar, ya ba ta ikon ɗauka da ƙarin girma da horo a kan kowane jami'i ban da Sufeto Janar. Da aka yi jayayya kan ɗaukar kurata 10,000 a 2019, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Hukumar ikonta a 2023. Dokar shari'ar laifuffuka ta 2015 ta wajabta wa majistare ya leƙa ofisoshin 'yan sanda kowane wata ya duba waɗanda ke tsare. Akwai kuma kwamitin hulɗa tsakanin 'yan sanda da jama'a, wanda aka kafa tun 1984. To, limamai da masu unguwanni nawa ne ke halartar zamansa su faɗi gaskiya?

Sai dai mu tsargi kanmu tukuna. Mu ne ke bin manya da takarda domin a cusa ɗanmu ko da bai cancanta ba, alhali Manzon Allah ya hana Abu Zarri muƙami saboda rauninsa, duk da tsoron Allah da yake da shi. Mu ne ke miƙa kuɗin beli a ɓoye, mun kuwa san beli kyauta ne, sannan mu koma majalisa muna zagi. Wanda ya shuka ƙaya ba ya girbin dawa.

Sa ido kuma ba ƙiyayya ba ne. Ɗan sandan da ke kwana a titi muna barci yana da haƙƙi a kanmu: mu ba da shaida ta gaskiya, mu yaba masa in ya kyauta, mu nema masa albashinsa da kayan aikinsa. In kuwa ya zalunci wani, mu rubuta ƙara da hujja, mu sa hannu, domin hana azzalumi zalunci shi ne taimakonsa.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya shiryi masu tsaronmu da mu baki ɗaya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.