Ɗana, Kafin Ka Danna Fulltext

Ɗana, na ji an ɗora maka kula da rumbun bayanai a wurin aikinku, kuma mutane sun fara ƙorafin bincike yana jan ƙafa, shi ya sa ka buɗe phpMyAdmin da niyyar kafa binciken da ke zaƙulo kalma daga cikin dogon rubutu. Allah ya yi maka albarka, niyyarka mai kyau ce. Ka gaji da umarnin LIKE, mai bin layukan tebur ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, kuma ban ga laifinka ba. Amma ɗan zauna tukuna.

Aikin kansa ba wuya. Ka shiga Structure, ka zaɓi ginshiƙin da rubutu yake ciki, ka danna Fulltext, sai MySQL ya tsara fihirisar kalmomi, kai kuma ka riƙa nema da MATCH da AGAINST. Sauƙin nan shi ke yaudarar mutum, ya ga koren saƙo ya fito, ya ɗauka ya gama. Ka fara adana kwafin rumbun ta Export, ka kuma bari sai an tashi daga aiki, domin fihirisar farko a teburin InnoDB tana sa a sake gina teburin gaba ɗaya.

Na taɓa zama kusa da wani saurayi mai kula da bayanan wani ƙaramin asibiti, yaro mai ƙwazo, ya kafa irin wannan bincike ya gwada da "zazzaɓi" ya ga ya fito, ya tafi gida yana murna. Washegari wata ma'aikaciyar jinya ta rubuta "ido", allon ya ce babu komai, alhali masu ciwon ido suna zaune a benci suna jiranta. Ta rubuta "kai", nan ma shiru. Ba ta ce masa uffan ba, ta koma ta ɗauko tsohon rajistanta na takarda, kuma daga ranar ba ta ƙara yarda da kwamfutar ba. Wannan ne ya fi yi mini ciwo, domin na'ura ana gyara ta da yamma ɗaya, amma yardar mutum idan ta zube, kwashe ta sai an sha wuya.

Dalilin shirun kuwa shi ne teburin saurayin MyISAM ne, wanda a saitinsa na asali ba ya kula kalmar da ba ta kai haruffa 4 ba. InnoDB, da ya samu wannan bincike tun MySQL 5.6, ya sauko zuwa 3. To ka duba Hausarmu, ɗana: uwa, uba, rai, ci, ji, so. Kalmominmu masu nauyi da yawa gajeru ne. Idan za ka rage iyakar a InnoDB, a fayil ɗin saitin sabar ake canza innodb_ft_min_token_size, a sake kunna sabar, sannan a goge fihirisar a gina sabuwa, in ba haka ba tsohon hali na nan. Kuma da zarar ka sauko zuwa 2, sai ka haɗa jerin kalmomin da za a tsallake, irin su da, na, ta, ne, ce, don jerin da ya zo da manhajar na Turanci ne.

Sai haruffa masu lanƙwasa. Ka sa rubutun a utf8mb4 don kada ƙ da ɗ da ɓ su koma alamar tambaya, sannan ka tuna wanda ya rubuta "kasa" a wayarsa wataƙila "ƙasa" yake nufi, na'urar kuwa tana ganinsu kalmomi biyu daban. Kai ne za ka yi masa tanadi, ko da ginshiƙi na biyu ne mai ɗauke da rubutun ba lanƙwasa.

Gobe da safe, ɗana, kafin ka taɓa komai, ɗauki takarda da biro ka je wurin masu amfani da rumbun nan, ka roƙe su su faɗa maka kalmomi ashirin da suka fi nema, da irin rubutun da suka saba. Da su za ka gwada, a gabansu.