Tausayi da Aikin Mai Bincike

A gaɓar tekun Ajantina akwai wani wuri da a ke kira Punta Norte. Can ne zakunan teku su ke haihuwa. A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da 'ya'yansu su ke koyon iyo, sai wata ƙatuwar dabba mai suna orka ta yi musu kwanto. Siffarta ta kifi ce, amma shayarwa ta ke yi. Takan taso da gudu har ƙirjinta ya hau tsakuwa, ta cafki ɗa guda, sa'an nan ta yi ta mutsuniya har igiyar ruwa ta komar da ita. Tun wajen 1975 masu bincike su ke zaune bisa tudu suna kallo, suna rubutawa, ba su ceton kowa.

To, shin wannan ƙeƙashewar zuciya ce? Wanda ya ga ƙarami a bakin babba bai motsa ba, a cikin mutane ba a yabonsa. Amma fa zalunci sai da zaɓi. Orka ba ta noma, ba ta kiwo, kuma wajen wata 17 ta ke ɗauke da ciki. Wanda ya kore ta ya ceci ɗan wani ne, ya bar ɗan wata da yunwa. Ba raba faɗa ya yi ba, ya zaɓi wanda idonsa ya gani ne kurum.

Ban da haka, an riga an ga inda gaggawar hukunci ta ke kai mutum. A 1954 sojan Amurka sun yi ta harbin orka kusa da Aislan, domin masunta sun yi ƙara. A Kanada kuwa kama su a ke yi don wasa, ana tsammani dubbai ne. Daga 1973 Michael Bigg ya bi su da kyamara, yana gane kowace ɗaya da tabon ƙayar bayanta, ya tarar ɗaruruwa kaɗan ne. Ba a daɗe ba aka daina kamun. Ashe haƙurin mai kallo ya tserad da rayuka.

Duk da haka kame hannu yana da iyaka. Idan taru ne ya sarƙe dabba, ko mai ya malala daga jirgi, ɓarnar ta ɗan Adam ce, gyaranta kuwa ya wajaba a kansa. Mai hankali shi ne wanda ya iya rarrabe wahalar da ta ke cikin tsarin halitta da wadda hannunsa ya jawo.