Waƙafi: Tallafin Da Ba Ya Yankewa

Sau nawa hukumar gwamnati ko wata gidauniya ta buɗe mana cibiyar koyon ɗinki da saƙa, muka yi ta murna, amma da kuɗin suka ƙare sai kekunan suka yi tsatsa? Tallafi abin godiya ne, sai dai yana da wa'adi.

Musulunci ya tanadar mana waƙafi: a tsare dukiya, ba sayarwa, ba kyauta, ba gado, amfaninta kawai ake ciyarwa. Haka Annabi (SAW) ya shawarci Sayyadina Umar (RA) ya yi da gonarsa ta Haibara. Mata ma sun yi. Da gadonta Fatima al-Fihri ta gina masallacin Ƙarawiyyin a Fas ta ƙasar Maroko a shekarar 859, har yau ana sallah a cikinsa.

To mu fa? In reshenmu ya haɗa gudummawa ya sayi shago ɗaya, kuɗin hayarsa zai riƙa biyan malamar ɗinki ko bayan ranmu. Sadakatul jariya ke nan. Amma a rubuta gaban shaidu, a danƙa wa mai amana.

Allah Ya ba mu iko, amin.